Furen da Ba Ya Son Rana

A dazuzzukan Turai akwai wani ɗan farin fure da Faransawa ke kira muguet, masana tsirrai kuma suka raɗa masa Convallaria majalis, domin a watan Mayu yake buɗewa. Tsayinsa bai cika wuce taƙi ɗaya ba. Ganye biyu ne masu faɗi, a tsakaninsu siririn kara, ƙananan furanni na reto a jikinsa kamar ƙararrawa. Ranar 1 ga Mayu mutanen Faransa kan ba juna shi don fatan alheri, kuma mafi yawan wanda ake sayarwa daga gonakin yankin Nantes yake fitowa.

Masu fassara sukan kira lokacin furensa bazara, amma akwai abin lura. Bazarar ƙasar Hausa zafi ce mai ƙuna kafin faɗuwar damina. Ta Turai kuwa lokaci ne da hunturu ke janye jiki, itatuwa na sabon toho. Wannan tsiro ba ya fure sai saiwarsa ta shafe makonni a cikin ƙasa mai tsananin sanyi, shi ya sa ba ya yi a ƙasashe masu zafi, komai yawan ban ruwa.

Mai lambun da ya san halinsa yakan dasa saiwar a watan Oktoba ko Nuwamba, a gindin itace ko a jikin katangar da rana ba ta dukanta da tsaka. Yakan nemi ƙasa mai laima wadda ruɓaɓɓen ganye ya ratsa, ya binne saiwar sama-sama, ya rufe da taki. Sau da yawa shekarar farko ganye kawai zai gani. Mai gaggawa a nan yake tone shukar, yana zaton ta lalace.

Furen kansa bai fi mako uku ba. Bayan ya bushe sai ganyen ya tsaya tsuru, har zuciya ta riya wa mutum ya sare shi don wurin ya yi tsaf. Wanda ya yi haka ya ci bashin baɗi, domin ganyen nan ne ke tara wa saiwa abincin da za ta yi fure da shi. Sai an bar shi ya yi rawaya, ya kwanta da kansa.

Idan wuri ya karɓe shi, yakan yaɗu ta ƙarƙashin ƙasa har ya matse maƙwabtansa, sai an riƙa raba saiwar bayan 'yan shekaru. Haka kuma duk jikinsa dafi ne mai taɓa zuciya, har da jajayen 'ya'yan da yake yi da kaka, waɗanda ke jan idon yara. Saboda haka a gidan da ke da ƙananan yara, uwa kan tsinke karan da zarar fure ya bushe, ta bar ganyen, sannan ta wanke hannu kafin ta koma madafa.