Gaɓar Rake da Gaɓar Turanci a Makarfi

In ka baro Zariya ka kama hanyar Kano, a Tashar Yari ake ratsewa zuwa Makarfi. Tun kafin mu shiga gari gonakin rake suka tare mu hagu da dama. Ranar Laraba ce, kasuwa tana ci, ana ta loda wa manyan motoci dami-dami, ga masu mazarƙwaila sun baje kaya a gefe.

Rake muka zo sha, amma allunan shaguna suka ɗauke mana hankali. Mai wayoyi ya rubuta second-hand da brand-new, mai lemo ya rubuta ice-cold. Waɗannan su ne sifofin Turanci masu haɗa kalma biyu, kuma abin daɗi, sunan da Bahaushe ya ba yankin rake shi ya ba yankin kalma: gaɓa.

Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, sai mun cusa wasali a tsakani. Haka bread ya zama burodi. Shi ya sa brand-new, mai gaɓa biyu kacal, muka ji ta a bakin yaron shago ta zama bi-ran-di-ni-yu, gaɓa biyar cif! A kasuwa babu laifi, ciniki ya faɗa. Amma a jarrabawar furucin Turanci ta WAEC, irin wannan sabo yana cinye wa ɗalibi maki.

To, ƙannenmu, ku fara sara daga kan ƙaramin layin da ke tsakiya, don nan ce babbar gaɓa. Sannan ku ƙirga wasulan da kunne ya ji, ku ƙyale waɗanda ido ya gani. Ice tana da wasali biyu a rubuce, ɗaya a baki, saboda haka ice-cold gaɓa biyu ce. Second-hand uku. Wutsiyar -ed kuwa mayaudariya ce: a kind-hearted gaɓa ce mai zaman kanta, a well-dressed ba a jin komai sai t.

Saura inda murya take sauke nauyi, wanda a ganinmu ya fi wuya, tunda mu da karin sauti muka saba. In sifar ta zo ita kaɗai, nauyin yana kan kalma ta biyu: second-HAND. Da zarar suna ya biyo ta sai ya koma farko: SECond-hand phone.