Neman Kufai a Gari Mai Rai

A birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka akwai gadar titin Jackson, wadda ba ta da wani ado da zai sa matafiyi ya waiwaya. Siminti ne da shinge, a ƙarƙashinta babbar hanyar Freedom Parkway ta miƙe zuwa tsakiyar gari. Amma da yamma ba ka raba ta da mutane riƙe da waya. Daga nan ne aka ɗauki hoton da ya fi shahara a shirin The Walking Dead, wanda tashar AMC ta fara nunawa ranar 31 ga Oktoba, 2010: ɗan sanda Rick Grimes a kan doki, shi kaɗai, yana shiga birnin da annoba ta bar wa gawarwaki masu tafiya. Hannun fita gari maƙil da motocin da masu su suka tsere suka bari, hannun shiga kuwa fayau.

Abin lura shi ne yadda baƙo ke yi idan ya hau gadar. Sai ya ɗaga waya ya dubi hoton shirin, ya dubi hanya, ya ɗan matsa hagu, ya daidaita dogayen benaye har su zauna inda suke a hoton. Daga nan sai ya tsaya jiran motoci su tsagaita, ko zai sami hanyar wayam na ƙiftawar ido. Da wuya ya samu. Wannan ta wuce, waccan ta danno, ga mai keke a bayansa, ga ango da amarya suna jiran ya ba su wuri su ma a ɗauke su. Kufai ya zo gani, gari kuwa ya ƙi yin shiru.

Su kansu masu shirin ba su rushe komai ba. Cunkoson matattun motocin nan aikin kwamfuta ne. Ginin da aka nuna a matsayin cibiyar yaƙi da cututtuka, wanda ya tarwatse a ƙarshen zango na farko, zauren wasanni ne na Cobb Energy, kuma yana nan tsaye ana kiɗa da rawa a cikinsa. A tsakiyar gari, inda Rick ya ɓuya cikin tankar yaƙi, tituna kawai aka rufe, aka watsa tarkace, aka kawar da masu wucewa.

To, da me suka nuna mana cewa birni ya mutu? Da takardun da iska ke ja a kan kwalta. Da ciyawar da ta ɓullo a tsagin daɓe. Da ƙurar da ta lulluɓe gilashin taga, da fitilar hanya da ta daina canza launi. Kowanne daga cikin waɗannan aikin wani ne da bai fito ba: mai shara, mai yankan ciyawa, mai goge taga, mai gyaran wuta. Wanda ya taɓa ratsa kasuwar ƙauye ranar da ba ta ci ya san wannan yanayi. Rumfunan suna nan, ba wadda ta faɗi, amma kai ka san ba kasuwa kake ciki ba.

A kudu da Atlanta, tafiyar kimanin awa guda a mota, akwai ƙaramin garin Senoia. Babban titinsa ne ya zama garin Woodbury na cikin shirin a zango na uku, daga baya kuma aka kewaye wata unguwarsa da doguwar katangar kwano ta zama garin Alexandria na shirin. A cikin katangar nan akwai gidajen da mutane ke zaune da gaske, suna fita aiki da safe, suna fid da shara, suna dawowa da cefane, har aka kammala shirin a 2022 bayan zango 11. Labarin ƙarewar duniya ne ya kawo wa garin masu yawon buɗe ido da ciniki. A 2016 ɗan wasan shirin Norman Reedus da Greg Nicotero, gwanin kwalliyar gawarwakin, suka buɗe gidan abinci na Nic & Norman's a kan wannan titi, baƙi na cin abinci suna leƙen inda aka yi yaƙi a talabijin.

Wurin da ya fi taɓa min zuciya shi ne tsohon ramin fasa dutse na Bellwood da ke Atlanta, inda waɗanda suka tsira suka kafa sansaninsu na farko. Yau an cika shi da ruwa, galan biliyan 2.4, an kewaye shi da wurin shaƙatawa da aka buɗe a 2021. Kafin wannan aiki, ruwan da birnin ke ajiye wa ranar gaggawa bai wuce na 'yan kwanaki ba. Yanzu zai kai wata guda ko fiye. A inda aka kwaikwayi rushewar gari, can aka yi tanadin hana ta.

Shi ya sa nake ganin wannan yawo ba wasa ba ne kawai na masoya fim. Yana gyara wa mutum ido. Idan ka yini kana gwada hoton titin da ya mutu da titin da ke gabanka, dole ka fara ganin waɗanda ke tsakanin biyun: matar da ke share bakin shago kafin rana ta fito, direban motar kwashe shara, ma'aikacin da ke duba bututun ruwa. Su ne ke riƙe da gari, kowace rana daga farko, kuma sun cancanci gaisuwa da ladan aikinsu a kan lokaci, a Atlanta ko a duk inda mutum yake zaune.