Abin Da Marmashin Mangwaro Ya Koya Mana

A gidanmu akwai wani abincin zaƙi da yara suka raɗa wa suna marmashi. Turawan Ingila suna ce da shi kirambul, watau abin da aka marmasa. 'Ya'yan itace ake zubawa a kwano, a barbaɗa fulawa da aka murje da bota da sukari a bisa, sa'an nan a gasa. A can da tuffa aka fi yinsa. Ya sami karɓuwa ƙwarai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gama tun daga Janairu 1940 gwamnatinsu ta ƙayyade yawan bota da sukari da kowa zai saya, matan gida kuwa suka ga wannan ba ya cin kaya da yawa. Mu dai a hannun wani dattijo muka koya, wanda ya daɗe yana aikin kuku a gidan Turawan mishan. Shi ya nuna mana mangwaro yana iya maye gurbin tuffa.

Wata shekara, cikin hutun makaranta na watan Afrilu, surukanmu suka aiko cewa za su zo ran Lahadi. Shekara uku ke nan rabonsu da gidanmu, kuma mun san dalili. Zuwansu na baya, da za su tafi Mama ta ce, “Na yi tafiyar yini guda domin in ga 'yata, amma bayanta kaɗai na gani a bakin murhu.” Maganar ta tsaya wa uwargida a rai. Saboda haka muka yi shawara, wannan karo duk abin da za a iya yi tun ran Asabar za a yi shi, domin ta sami zama da iyayenta.

Ran Asabar da dare muka yanka mangwaro, muka yayyafa sukari, muka murje fulawa muka rufe shi da ita, muka sa kwanon a firji, muka kwanta muna yaba dabararmu. Can tsakar dare aka ɗauke wuta, ga zafin bazara. Kashegari bayan an taso daga sujada muka gasa shi. Sa'ad da aka kawo gaban baƙi, saman da ya kamata ya yi ƙaras-ƙaras ya zama kamar tuwon da bai nuna ba, ƙasan kuwa ya soma tsami. Baba ya ɗiba cokali guda, ya daɗe yana juya shi a baki, sa'an nan ya ce, “Malam, wannan kunu ne ko tuwo?” Yara suka fashe da dariya. Uwargida ta ɗauke kwanon ta shige madafa, ta kama yin wani abin, ba ta fito ba sai la'asar. Abin da muke gudu, shi ne ya same mu.

Da muka kai ƙara wurin dattijon nan, sai da ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, “Malam, kai da kake koya wa yara kimiyya, ba ka san sukari yana jawo ruwa daga 'ya'yan itace ba?” Muka ce, “Baba, a allo muka sani.” Ya bayyana mana cewa dare guda ya isa fulawa ta shanye ruwan mangwaro ta zama ƙullu, zafi kuma ya narkar da botar, ya tsamar da mangwaron. Shiri tun jiya ba laifi ba ne, in ji shi, haɗawar ce ta ɓata mana. Kowanne a ajiye shi dabam, kada su sadu sai lokacin wuta.

Ga yadda muke yi tun daga ranar, domin mutum shida. A sami fulawa giram 200, bota mai sanyi giram 100, sukari giram 100, da ɗan gishiri. Watau fulawa kashi biyu, bota kashi ɗaya, sukari kashi ɗaya, bisa ga nauyi. A murje botar cikin fulawa da kan yatsu, gama tafin hannu yana da ɗumi, yakan narkar da ita. In ta yi kamar tsakin masara, sai a zuba sukari a gauraya, a tsaya nan. Kada a cuɗa, kada kuma a sa ruwa ko ɗigo. Mukan ƙara dakakkiyar soyayyiyar gyaɗa cikin hannu ɗaya. A rufe a mazubi mai murfi, zai kwana biyu a firji lafiya lau.

Wanda ba shi da firji, ko bai amince da wutar ba, ga dabarar da ta fi. A baza marmashin shi kaɗai a faranti, a gasa kamar minti 15, ana juyawa har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. In ya huce sarai a zuba a gwangwani mai murfi. Zai yi kwanaki yana nan ƙaras kamar biskit, in dai an ɓoye wa yara.

Mangwaro kuwa, a zaɓi wanda ya nuna amma bai luguiguice ba, irin da ba shi da zare da yawa. Tsokarsa ta kai giram 800. Tun jiya a wanke shi a ajiye a inuwa da ɓawonsa. Yankawa sai da safen ranar, aikin minti goma ne. A matsa lemon tsami ɗaya, a sa sukari cokali biyu, garin citta kaɗan, da fulawa cokali ɗaya domin ruwan ya yi kauri. In lokacin gwaba ne, a cire 'ya'yan a ɗan tafasa ta tukuna. Abarba ma tana yi.

Baƙi suna zaunawa cin abinci, sai a zuba mangwaro a kwanon gashi, a barbaɗa marmashi a bisa ba tare da dannawa ba. A oba, zafin digiri 180 na minti 35 zuwa 40 ya isa, har a ga ruwan yana ɓulɓulowa ta gefe. Mu da tukunya muke yi: yashi a ƙasa, kwanon a bisa yashin, garwashi a ƙarƙashi, wani garwashin a kan murfi. In marmashin gasasshe ne tun jiya, abin ya fi sauƙi. A dafa mangwaron minti biyar a tukunya, a zuba wa kowa nasa, a barbaɗa masa a kai. Ana ci da ɗumi, da madara ko kastad.

Shekara ta zagayo, surukanmu suka sake zuwa. Miya an yi tun Asabar, marmashi yana gwangwani, yankan mangwaro kuwa aikinmu ne da babban yaronmu. Uwargida ta shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, ita da Mama suka yi hira tun azahar har inuwa ta juya, suna lissafin waɗanda suka yi aure da waɗanda suka rasu a ƙauye. Baba ya cinye nasa, ya miƙo kwano ya ce, “Malam, wannan karon na gane shi.”

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma fuskar da ke bakin murhu tun safe har yamma, yaushe baƙo zai gan ta? 'Yan'uwa magidanta, in baƙi sun aiko za su zo, mu zauna da iyalinmu tun da wuri mu raba aikin gida biyu, wanda zai iya kwana da wanda ba zai iya ba, kowa kuma ya ɗauki nasa, har da mu maza. Da Mama za ta hau mota, ta riƙe hannun 'yarta ta ce baɗi ma suna tafe.