Abin da Ke Riƙe Jirgin Sama

Shirwa ta kan buɗe fikafikanta ta yi ta shawagi, ba wanda ya ke mamaki, gama ba ta da nauyi. Amma jirgin sama ƙarfe ne, ga mutane ga kaya a cikinsa. To, me ke riƙe shi? Iska ce.

Abu huɗu ke ja-in-ja a kan kowane jirgi. Nauyinsa yana jansa ƙasa. Inji yana tura shi gaba, iska kuwa tana tokare shi, kamar yadda ta kan yi wa mai keke. Na huɗu shi ne ɗagawa, watau aikin fikafikai.

Fiffiken jirgi yana da ɗan doro a sama, bakinsa na gaba kuma a ɗage ya ke kaɗan. In jirgi ya sheƙa a guje, sai fiffike ya karkatar da iska zuwa ƙasa, ita kuwa ta tunkuɗa shi sama. Duk wanda ya taɓa ɗaukar zana a ka ran da a ke iska ya san wannan ƙarfi.

Amma fa sai da gudu. Nan haɗarin ya ke. In matuƙi ya ɗaga hancin jirgi ya wuce kima, iska ba ta ƙara bin doron fiffike, ɗagawa ta ragu, jirgi ya soma faɗuwa. Maganin abin shi ne ya sunkuyar da hancin ƙasa, ko da ya ke zuciya ba ta so. Wannan sai mai sanyin rai. Don haka kuma a ke auna kayan kowa kafin a tashi, ba rowa ba ce.

Masu sana'ar keke ne, Wilbur Wright da ƙanensa Orville, suka fara cin nasara a Amurka, ran 17 ga Disamba, 1903. Tashinsu na fari daƙiƙa 12 ne kawai, tafiyar ƙafa 120.

Ƙaramin jirgin nan marar matuƙi, mai farfela huɗu, shi ba ya bukatar fili, gama farfela fiffike ce mai juyawa. Biyu suna juyawa dama, biyu hagu, don kada ya yi ta juyi kamar katantanwa. In a na so ya yi gaba, sai farfelun baya su ƙara sauri, ya sunkuya, ya tafi.