Amshi da Amsa

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan katangar makarantar firamare da hantsi a garin Maiduguri, ko a Gwange ne, ko Hausari, ko Bulumkutu, ya san sautin da muke son yin magana a kansa. Malam zai ɗaga murya ya faɗi rabin jimla, ya ja wasalin ƙarshe, yara su cika masa sauran baki ɗaya. Can kuma sai ya ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka, "Mun gane!" Mai wucewa sai ya ce a ransa lalle karatu ya kankama. Mu kuwa da nazarin adabi ya zama sana'armu, kunnenmu ya daɗe da sanin wannan tsari a wani fage daban, domin shi ne tsarin jagora da 'yan amshinsa a waƙar baka.

Amshi abu ne mai daraja a muhallinsa. Shi ke riƙe gindin waƙa, ya ba jagora sararin numfasawa kafin ya kawo ɗan da zai biyo baya. Har a tsakanin makaɗa ma amshin hawa-hawa ne. Yaran Alhaji Mamman Shata gindin waƙa suke maimaitawa, shi kuma ya yi ta zuba ɗiya yadda ya ga dama. Yaran makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo kuwa sukan karɓi magana daga bakin jagora su ƙarasa ta, har su yi mata ƙari. Abin da ke fitowa ta tagogin azuzuwanmu ko matsayin ƙari bai kai ba, balle a kira shi amsa, wato maganar da yaro ya tauna a zuciyarsa, ya fito da ita da lafazinsa, kuma za a iya tambayarsa dalilinta. Wannan ba zato ba ne kurum. A shekarar 2008 Frank Hardman da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon nazarin da suka yi a azuzuwan firamare na Nijeriya, inda suka tarar malam ne ke cinye mafi yawan lokaci da bayani, tambayoyinsa masu amsa ɗaya ne tak, yara na amsawa a jam'i, kuma da wuya a ji ɗalibi ya yi tambaya don kansa.

A Borno lamarin yana da nauyi na musamman. A shekarar 2017 hukumar UNICEF ta bayyana cewa tun daga 2009 an kashe malamai sama da 2,295 a arewa maso gabas, an kuma raba kimanin 19,000 da muhallansu. A 2014 aka rufe makarantu a jihar nan, da dama daga cikinsu suka koma matsugunin 'yan gudun hijira, kuma sakandare ba su dawo da karatu ba sai 2016. Sa'an nan a farkon 2022 kwamitin da gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta kafa ya miƙa rahoton jarrabawar da aka yi wa malaman firamare 17,229 na ƙananan hukumomi. An ce 5,439 ne suka cancanci koyarwa, 3,815 ba za su horu ba, sauran 7,975 kuma suna da rauni amma horo zai gyara su. Jama'a sun fi riƙe adadin farko da na biyu, saboda su ne ke daɗin faɗa a majalisa. Mu na ukun ne ya tsaya mana a rai. Mutum dubu takwas ba kaɗan, warwatse daga Biu zuwa Monguno, wa zai horar da su, a ina, kuma a kan me? Jarrabawar takarda tana iya auna ko malam ya iya karatu da lissafi. Ba ta da ma'aunin da zai nuna ko ya iya sauraron yaro.

A nan ne ake kawo zancen wayar salula, kuma ba laifi a kawo shi. Tun da ta shigo ƙasar nan a 2001, babu wata na'ura da ta kai ta shiga aljihun talaka. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 domin samar da malaman shirin ilimin firamare kyauta, ta daɗe tana koyar da malamai daga nesa da littattafai da cibiyoyin haɗuwa, don haka ba abin mamaki ba ne da ta shiga cikin gwajin da UNESCO da kamfanin Nokia da British Council suka yi a 2013, inda ake tura wa malaman firamare na yankin Abuja gajeren saƙo kullum game da dabarun koyar da Ingilishi. Gwaji ne mai amfani. Sai dai in muka dubi siffarsa da idon mai nazarin waƙa, za mu ga jagora yana can sama, malamai suna ƙasa suna karɓa. Haka kuma yawancin tarurrukan bita da muka sani suke. A tara malamai ɗari biyu a babban zaure, wani masani ya shafe awa biyu yana karanta takarda kan muhimmancin barin ɗalibi ya yi magana, a tafa, a raba abinci da alawus, a watse. Wanda aka horar ta hanyar amshi, amshi zai koma ya koyar.

Akwai gwaje-gwaje biyu a nahiyar nan da suka bi wata hanya. A Zambiya, tun daga 2009, Sara Hennessy da Björn Hassler na Jami'ar Kambirij sun yi aiki da malaman firamare a wani shiri mai suna OER4Schools. Malaman makaranta ɗaya ne ke zama tare a kai a kai, su kalli hoton bidiyo da aka ɗauka a aji irin nasu, mai cunkoso da ƙarancin kayan aiki, su yi gardama a kan abin da suka gani, su tsara darasi, su je su gwada, su dawo da labari. A sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya kuma, daga 2016, Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolombiya ta haɗa horon zaure da zaman malamai a tsakaninsu, ta kuma sa su cikin ƙananan rukunoni a WhatsApp tare da gogaggun malamai daga wasu ƙasashe. A wurare biyun nan maganar tana tashi daga aji ta yi sama, kuma na'ura ɗan aike ce kawai.

Amma Maiduguri ta koya mana kada mu jingina da abin da ke iya zamewa. Bayan dokar ta-ɓaci ta watan Mayun 2013 an katse layukan waya aka shafe watanni, mai son kiran ɗan'uwansa sai ya yi tafiya zuwa wata jiha. A Janairun 2021 aka karya turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, garin ya yi kusan shekara a hannun masu janareta da masu shagon caji. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci makarantu da gidaje da wayoyin da ke cikinsu. Ga kuma kuɗin data, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashin da ba ya ganin tsakiyar wata. Duk shirin da ya dogara kacokan ga sabis da bidiyo mai nauyi, ranar da aka fi buƙatarsa ce zai kwanta.

Akwai wani abu guda a cikin wayar da bai buƙatar sabis ko data, kuma ko a ƙaramar waya mai madannai akan same shi, wato rikoda. A farkon shekarun 1970 wata Ba'amurkiya mai suna Mary Budd Rowe ta yi ta ɗaukar darussan kimiyya a kaset, tana auna shirun da ke tsakanin tambayar malam da abin da ke biyo baya. Ta gano cewa malamai ba su cika jira fiye da daƙiƙa ɗaya ba kafin su maimaita tambayar, ko su nuna wani yaron, ko su amsa da kansu. Da aka koya musu su kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba su saba magana ba suka fara, yara suka soma kafa hujja da yin tambaya. Daƙiƙa uku! Abin da ta buƙaci rikoda da tarin kaset kafin ta gano, yau yana aljihun malamin da ke koyarwa a Dikwa. Ya ajiye wayar a kan tebur, ya ɗauki minti goma na darasinsa, ranar Alhamis bayan an tashi su zauna su biyar ko shida a ƙarƙashin dalbejiya su saurara. Tambaya nawa aka yi? Nawa ne a ciki amsarsu ta wuce kalma ɗaya? An ji muryar yarinya? Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani, to rikoda takan sauko da mutum daga kan tudunsa ba tare da wani ya ci masa fuska ba. Sharaɗi ɗaya ne, kuma muna ganin shi ne ginshiƙin abin: sautin mallakar malam ne. Ranar da ya zama hujjar da ake kai wa ofis domin ladabtarwa, daga ranar za a fara shirya wa rikoda wasan kwaikwayo. Sauti kuma ya fi bidiyo dacewa da mu, domin bai kamata fuskokin 'ya'yan mutane su yi ta yawo a wayoyi ba.

Za a ce mana wannan ɗabi'ar Turawa ce, mu tarbiyyarmu kunya ce, yaro ba ya musu da babba. Muna girmama kunya, amma ba mu yarda cewa ita ce ta haifi "Mun gane" ba. Yaron da ya yi gum a aji shi ne da dare yake katse kakarsa a tsakiyar tatsuniya yana tambayar dalilin da ya sa Gizo bai ji tsoro ba, shi ne kuma yake ƙin ba da gari a kacici-kacici sai ya gwada amsa uku. Hadisi na biyu a cikin Arba'una, wanda kowane ɗan Islamiyya ya haddace, darasi ne da aka gina shi a kan tambaya da amsa. Ƙasar Borno da ake yi wa tattaki daga ƙasar Hausa domin karatun Alƙur'ani, gwanayenta sun san daɗin ja-in-ja a kan harafi guda. Kuma wasiƙun da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya yi musaya da Muhammadu Bello, waɗanda Bello ya adana a cikin Infaƙul Maisuri, muhawara ce ta malamai biyu da kowannensu ya saurari hujjar ɗan'uwansa kafin ya mayar da martani. Allon da almajiri ke riƙewa ma dabara ce da aji mai yara ɗari zai amfana da ita: kowa ya rubuta amsarsa ya ɗaga, malam ya ga tunanin mutum ɗari a kallo ɗaya.

Babban shingen da muke gani shi ne harshe. Ba a tattaunawa da harshen da ba a ji. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 kuma Ministan Ilimi ya ba da sanarwar janye wannan manufa da komawa ga Ingilishi. Ko wace manufa ce a takarda, ajin Maiduguri ya tara mai jin Kanuri da mai Larabcin Shuwa da Babur da Margi da Fulatanci da harsunan duwatsun Gwoza, Hausa kuma ita ce suke haɗuwa a kanta a filin wasa. Ba muna yi wa Hausa kamfe ba ne don ita muke koyarwa. Abin da muke cewa shi ne a bar yaro ya fara juyawa ga na kusa da shi su tauna tambayar da harshen da ya fi musu sauƙi, kafin a nemi su faɗe ta da na makaranta. Kada kuma a manta cewa cikin masu shirun nan akwai waɗanda iyayensu suka gudo da su daga Bama da Gwoza da Baga, suka taso a gidajen da aka koyi cewa yawan magana na iya jawo halaka. Irin wannan shiru ba ya jin tsawa.

Saura abu ɗaya da ba a cika faɗa a bita ba, wato tsoro. Malamin da iliminsa bai da zurfi ya san amshi garkuwa ce, domin muddin shi ke tambaya, ba za a gane iyakarsa ba. In muna son mutum 7,975 ɗin nan su buɗe ƙofar tambaya, wajibi ne a ba su inda za su kai tambayar da ta fi ƙarfinsu, kuma a nan rukunin WhatsApp na malaman unguwa ɗaya zai fi kowane saƙo daga Abuja amfani.

Wata tsohuwar ɗalibarmu da ke koyarwa a aji huɗu a gefen gari ta ba mu labarin ranar da ta gwada jiran nan, wayarta na kan tebur tana ɗauka. Darasin a kan damina da rani ne. Ta yi tambaya ta kame bakinta tana ƙirgawa a zuci, sai wata yarinya ta bar tambayar malama ta kawo tata: in kogin Ngadda ya ƙafe, ina kifayen suke zuwa? Malama ba ta da cikakkiyar amsa, ta ce wa ya sani? Wani yaro a layin baya, ɗan gidan masunta daga Baga, wanda ta yi zango biyu tana koyar da shi ba ta san muryarsa ba, ya miƙe ya yi bayani da Hausa gauraye da Kanuri. Ya ce wasu suna bin ruwa su tafi, wasu su mutu a kududdufi, amma gaiwa takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta ta kwanta har ruwa ya dawo, kuma babansa yakan haƙo ta da rani daga busasshiyar ƙasa tana da rai. Da malaman makarantar suka zauna ranar Alhamis sai da suka saurari wurin sau biyu, na farko domin su auna tsawon shirun da ya gabaci tambayar yarinyar, na biyu kuma domin biyu daga cikinsu ba su taɓa jin labarin gaiwa ba.