Ƙafa Ma Tana Taya Kai Karatu



Wata Lahadi kwanan baya, bayan an tashi sujada a nan Ringim, wani saurayi daga cikinmu ya tsaya a bakin ƙofar majami'a har kowa ya watse. Yana karatu a wata babbar makaranta a Dutse, ya zo gida hutun ƙarshen mako. Ya yarda in ba ku labarinsa, amma ba zan faɗi sunansa ba.

Ya ce, "Baba Fasto, a yi mini addu'a. Ina jin akwai hannun maƙiya a karatuna."

Na ce, "Zauna, ɗana. Me ke faruwa?"

Ya ce yakan yi karatu har ƙarfe uku na dare, yana cin goro don kada barci ya ɗauke shi, amma gari na wayewa sai ya ji kansa wayam kamar bai taɓa buɗe littafin ba. Darussa biyu zai maimaita. Abin da ya fi ci masa rai shi ne mahaifinsa ya sayar da riɗin da ya noma bara kaf don ya biya masa kuɗin makaranta.

Mun yi addu'a, domin ba na wasa da addu'a. Da muka ce amin sai na tambaye shi, "Yaushe rabonka da yin gumi?" Ya yi dariya, yana tsammani zolaya ce. Ashe tun shekararsa ta farko ya bar ƙwallo. Daga ɗaki zuwa aji acaɓa yake hawa, daga aji kuma sai ɗaki.

Da na dube shi, kaina na gani sama da shekara ashirin da suka wuce.

Ni ɗan manomi ne. Na tashi da fartanya a kafaɗa, makarantar firamare kuma a ƙafa muke zuwa. Amma da na shiga kwalejin tauhidi sai na ɗauka wa kaina cewa bawan Allah ba shi da lokacin guje-guje. Da yamma in abokaina sun fita filin ƙwallo, nakan dube su ta tagar laburare ina jin na fi su ruhaniya. Har aya nake da ita: 1 Timoti 4:8, inda Manzo Bulus ya fifita ibada a kan horar da jiki. Na manne wa rabin ayar, na ƙi ganin cewa a cikinta ɗin dai Bulus ya yarda horon jiki yana da nasa amfani.

A shekara ta biyu na faɗi jarrabawar Helenanci. Ba don ban karanta ba. Na fi kowa daɗewa a kan littafin. Amma ciwon kai ba ya barina, barci ya ƙaurace mini, kalmomin da na haddace da dare sukan tsere kafin safiya. Ikilisiyar ƙauyenmu ce ke tara mini kuɗin makaranta, har da gudummawar Zumuntar Mata, sai kunya ta kama ni har na fara tunanin tattara kayana.

Wani dattijon malaminmu ya kira ni. Na zata faɗa zai yi mini. Sai ya ce, "Ɗana, gobe da ƙarfe shida ka same ni a bakin ƙofar makaranta, ka sa takalmi mai daɗin tafiya." Wata uku muka yi muna tafiyar kusan awa ɗaya kowace safiya. Yana ja mini kalmomin Helenanci, ina amsawa ina haki. Cikin mako na uku na fara barci kamar yaro. Da na sake rubuta jarrabawar na ci, alhali awannin da nake zama a kan littafi sun ragu.

A lokacin na ɗauka dabarar tsoho ce kawai. Daga baya na karanta abin da masana suka gano. In mutum ya motsa jiki, zuciya takan ƙara bugu, jini mai ɗauke da iska ya ƙara isa ƙwaƙwalwa. Jiki kuma yakan ƙara samar da wani sinadari da ake kira BDNF, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu su kuma ƙulla alaƙa da juna. A 2011 an wallafa wani bincike a Amurka da aka yi da dattawa 120. Rabinsu sun riƙa tafiya a ƙafa sau uku a mako har shekara guda, sai aka ga sashen ƙwaƙwalwarsu mai ajiye sabon abin da aka koya ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, na sauran kuwa ya ɗan ragu. Wannan a tsofaffi ke nan. A 2014 kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada ɗalibai, suka ga sun fi kawo sababbin dabaru sa'ad da suke tafiya fiye da sa'ad da suke zaune. Sannan ga barci: a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka karanta da rana, kuma jikin da ya yi aiki ya fi samun barci mai nauyi. Mai kwana a zaune da goro yana ɗebo ruwa ne da kwando.

Littafi Mai Tsarki ma bai raba mu da jikinmu ba. Ku duba 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya ya gudu jeji, ya gaji har ya roƙi mutuwa. Kafin Allah ya yi masa magana a Horeb, sai da ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi sau biyu ya ba shi abinci da ruwa, sa'an nan ya kama doguwar tafiya. A Luka 24 kuma, a kan hanyar Imuwasu, tafe suke a ƙafa Yesu ya buɗe wa almajirai biyu Nassosi. Jikin nan da kake ajiyewa a kan benci awa goma, amana ce ta Allah.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Wato minti 30 a rana, kwana biyar. Ba sai ka sayi komai ba. Tafi aji a ƙafa da ɗan sauri, kuɗin acaɓa ya zama na ƙosai. Buga ƙwallo da yamma. 'Yan mata, ku haɗa kai biyu ko uku ku yi tafiyar safe, ko ku yi tsallen igiya a tsakar gida. Da bazara, sa'ad da zafin Jigawa ke haura digiri 40, a fita da sassafe ko gab da faɗuwar rana, a sha ruwa sosai. Mai sikila, ko asma, ko ciwon zuciya, ya fara jin shawarar likita. Wanda kuma bai samu abin kai wa baki ba, kada ya ce zai yi gudu da yunwa. Ya zo ya same mu, ikilisiya gidansa ce. Kada kuma wani ya ce Fasto ya ce ƙwallo ta maye gurbin littafi. Wanda bai shuka ba, ko damina ta yi kyau ba abin da zai girba.

Saurayin nan ya kira ni shekaranjiya. Ya ce yanzu a ƙafa yake zuwa aji, yana kwanciya ƙarfe goma sha ɗaya, yana tashi da asuba ya yi addu'a ya yi karatu. Sakamakon jarrabawa bai fito ba tukuna, muna jira tare da shi cikin addu'a. Amma ya daina zancen maƙiya, ya kuma ce rabonsa da ciwon kai mako biyu ke nan.

Mu yi addu'a: Ya Uba, kai ka ba mu hankali, kai ka ba mu jiki. Ka gafarta mana inda muka yi sakaci da su. Ka ƙarfafa 'ya'yanka da ke makarantu, ka sa wahalar iyayensu kada ta zama banza. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.