Riɗi a Farashin Dawa

Litinin, 3 ga Nuwamba

Kiran Alhaji tun ban karya ba. Wani mai fitar da kaya waje ya bugo daga Legas, ya ga farashin riɗi a shafinmu, tirela guda yake so a haka, yau yau. Farashin dawa ne aka liƙa wa riɗi.

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa azahar."

"Azahar ta yau fa, ba ta gobe ba."

Shafin gadonsa na yi. Wanda ya gina shi ya tafi hidimar ƙasa, layinsa ba ya shiga. Fayil ɗaya na PHP, dogo, ba bayani ko layi guda. A ɓangaren mai kula da shafi akwati uku na rubutu: na suna, na farashi, na sunan hoto. Kowane kaya layi ɗaya a kowane akwati. Kod ya yanka kowane akwati da explode ya zama jeri, jeri uku ke nan a gefen juna. Sai zagaye ɗaya:

for ($i = 0; $i < count($suna); $i++)

A cikinsa ana ɗauko $suna[$i], $farashi[$i], $hoto[$i], a cusa tsakanin tr da td, layin tebur ya fito. Shi ke nan dukan shafin.

Suna 23. Farashi 24. Hoto 24. Alkama ce babu a jerin suna. Na mayar da ita gurbinta, komai ya koma daidai kafin kiran salla.

Litinin, da dare

Ba kuskuren ne ya hana ni barci ba, shirun ne. Ko gargaɗi ɗaya na'urar ba ta yi ba. Zagayen da tsawon jerin suna yake auna kansa, ya yi 23 ya tsaya, farashi na ƙarshe ya bar shi a ajiye ba wanda ya tambaya. Daga gurbin alkama zuwa ƙasa kowa ya ɗauki kuɗin na samansa: gero na alkama, dawa na gero, riɗi na dawa. Kamar maɓallin riga da aka tsallake rami ɗaya, har wuya a karkace.

Hoto da farashi sun yi daidai da juna, sunan ne ya zame. Wanda ya kalli hoton da kyau zai ga dawa a gaban kalmar riɗi. A ƙaramar waya wa zai tsaya kallo.

Babu abin da ya ɗaure suna da farashinsa sai lambar gurbi. Ita ma daga sifili take farawa, kaya na shida a idon mutum shi ne na 5 a wurin PHP. Tun yaushe shafin yake haka? Ban sani ba ko jiya ne ko shekaranjiya.

Talata, 4 ga Nuwamba

Dawanau. Titin Katsina a cunkushe, tireloli har bakin hanya. Kaka ta yi, sabon gero da wake sai shigowa suke, 'yan dako ba sa ko kallon mutum. Ƙurar zoɓo a maƙogwaro.

Na zauna kusa da yaron shago in ga yadda yake shigar da farashi. Da waya yake yi, allon a fashe ta gefe ɗaya, babban yatsa kawai. Akwatin farashi ba ya nuna fiye da layi biyar a lokaci guda, kuma lambobi ne zalla, babu suna a gefensu. Da baki yake ƙirgawa: masara, shinkafa, alkama, gero, yana gangarawa da yatsa. Ana cikin haka wani ya kira shi ya duba awon buhu, ya dawo ya soma ƙirga daga farko.

"Yaya, ni dai alkama ta ƙare, na goge ta. Ai ba a tallan abin da babu."

Gaskiyarsa. Wanda ya ba shi akwati uku shi ya haƙa ramin.

Alhaji ya sa an kawo mini kunun aya. Maganar kuɗin gyara ba ta taso ba, ni ma ban tayar ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Mai gadi na sa a bakin ƙofa: kafin a adana, a ƙirga jerin uku, in tsawonsu bai zo ɗaya ba a ƙi karɓa, a nuna jan rubutu da Hausa. Aikin minti kaɗan a zatona. Ya cinye yinin.

Na farko, layin banza. In yaro ya danna shiga bayan layin ƙarshe, explode na ƙirga wannan fankon a matsayin kaya. 25 da 24, mai gadi ya hana, alhali ba laifi. Na biyu, burawza tana aiko ƙarshen layi da alama biyu, \r da \n, kod ɗin kuwa a kan \n kaɗai yake yanka. Kowane sunan hoto na ɗauke da wutsiyar da ido ba ya gani. trim ya share wannan.

array_filter ya zo mini a rai don kwashe fankon layuka. Na karanta bayaninsa sau biyu na janye hannu. Yana barin tsofaffin lambobin gurbi yadda suke, jeri ya zama 0, 1, 2, 4, zagayen ya je neman 3 ya tarar babu. A PHP 7 ƙaramar sanarwa ce, tun daga PHP 8 da ya fito a Nuwamban 2020 ta zama gargaɗi, Undefined array key, kuma a sabar ɗinmu a tsakiyar tebur zai fito kowa ya gani. array_values na sake jera lambobin, to amma nan ne babban haɗarin. In yau babu farashin wake, yaro ya bar layinsa fanko da gangan, kwashe fankon zai jawo duk na ƙasa su hau sama da ɗaya. Abin ranar Litinin sak.

Don haka: a datse fankon ƙarshe kawai. Na tsakiya a bar shi, shafi ya rubuta "a tuntuɓe mu".

Ya yi aiki. Na ci tuwo da daɗin rai.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ba wuta tun asuba. Kwamfuta ta mutu da hantsi. Wurin mai caji, layi. Ba abin da aka taɓa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Bayan masallaci saƙon murya daga Alhaji: a jera kayan bi da bi daga A, masu saye na wahalar nemo abu.

Ga tarko a fili. sort a kan jerin suna zai jera sunaye ya ba su sababbin lambobi, farashi da hoto na nan inda suke, kowane kaya da kuɗin wani. array_multisort na iya jan jerin uku tare. Na fi son asort: yana jera sunayen amma kowanne na riƙe da lambarsa ta asali, sai foreach ya ɗauko lambar tare da sunan, da ita a nemo farashi da hoto. Zagayen for ya tafi, ban yi kewarsa ba.

Na sabunta shafi. Alkama, Barkono, Citta, Dawa, lafiya lau har Zoɓo. Ƙaro a ƙarƙashin Zoɓo, can ƙarshe shi kaɗai. 'Ya'yan zogale kuma a sama da Alkama.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Na'ura da lambar harafi take jerawa. A tana 65, Z tana 90, Ƙ a Unicode tana 408. Alamar ɗauri ta gaban 'y tana 39, ta riga kowa. Duk Ɓ da Ɗ can ƙarshe za su tafi kamar Ƙ in sun zo a farkon suna.

Akwai magani, Collator, a ba shi "ha" ya jera da ƙa'idar Hausa da ke cikin CLDR: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh da ts kowanne harafi mai zaman kansa. A kwamfutata ya yi. A sabar babu, ba a kunna intl ba. Na rubuta wa masu riƙe mana shafin. Amsar na'ura ta zo nan take, ta mutum shiru.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Wani abin da ya daɗe a wurin ba wanda ya lura. Layin 'ya'yan zogale. Kod na rubuta alt da alamar zance mai ƙwaya ɗaya, sunan kuma da irin wannan alamar ya fara. Burawza ta ga an buɗe an rufe nan take, ragowar sunan ta ɗauke shi wasu sifofi na banza. Hoton na fitowa, shi ya sa ba a gani ba. In data ta yi rauni hoto bai sauko ba, wurin fanko ne, ba ko suna.

htmlspecialchars a kan duk abin da ya fito daga akwatunan, tare da ENT_QUOTES. Sai daga PHP 8.1 ne yake kama alama mai ƙwaya ɗaya ba tare da an ce masa ba, gara in rubuta da hannuna. Jikina ya ɗan yi sanyi: shekara nawa duk abin da aka buga a akwatin nan kai tsaye yake shiga shafi, ko da kod ne.

Masu saye na Maraɗi da Damagaram da ƴ suke rubuta sautin 'y. In an zo saka wurin bincike sai a tuna.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Hutu, wai. Hazo ya fara sauka.

Na daina jin haushin wanda ya gina shafin, ko na rage. Dabarar ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Fortran da John Backus da mutanensa suka fitar a IBM a 1957 yana da jeri, ba shi da hanyar ɗaure suna da lamba a ƙunshi ɗaya, sai a Fortran 90 aka samu. Shekaru sama da talatin masu lissafin kimiyya da jeri a gefen jeri suka yi aiki. Har yau masu tace bayanai miliyan miliyan sukan ajiye kowane ginshiƙi daban saboda sauri, Parquet haka yake. Amma can na'ura ce ke riƙe da layin, ba yatsan mutum a tsakiyar kasuwa ba. Kaya 24 ba su buƙatar sauri. Buƙatarsu kada su rabu.

Mama ta tambaya ko an biya ni. Na ce ana kai.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Masu sabar shiru. Na sake aikawa.

Na kira Alhaji na yi bayani: a rushe akwati uku, a yi wa kowane kaya layinsa, suna da farashi da hoto a haɗe, in an goge a goge gaba ɗaya. Na faɗi abin da zan karɓa.

"To yanzu ba ya aiki ne?"

"Yana yi, ranka ya daɗe."

"To madalla. Bari kaka ta lafa."

Ban iya nuna masa abin da bai faru ba tukuna.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ya faru.

Farin wake da jan wake. Yaro ya shigar da sabon farashi, ya sa na wannan a layin wancan. Tsawo 24, 24, 24. Mai gadina ya duba ya ce a wuce. Ƙirga kawai ya iya, bai san wake ba. Wata hajiya mai abincin sayarwa ce ta gano, ta turo ɗanta da hoton allo.

Bambancin ba shi da yawa, Alhaji ya sayar mata a yadda ta gani. Yaron ne ya sha faɗa. Da yamma ya turo mini: "Yaya don Allah a yi wani abu." Ban amsa da wuri ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan isha

Ba izini, ba kuɗi, na fara.

Ba rumbun bayanai, ba wani babban gini. Fom mai layi layi: suna a hagu, ramin farashi a gabansa, ƙaramin hoto, maɓallin "ya ƙare" wanda ke ɓoye kaya ba tare da gogewa ba. A ciki jeri ɗaya tak, kowane gurbi ƙunshi ne mai suna da farashi da hoto, a adana shi a fayil na JSON. Zagayen ya koma foreach ($kaya as $k), babu $i ko ɗaya. usort zai jera ƙunshin dungurungum, farashi na bin sunansa duk inda ya je.

Kwashe tsofaffin bayanai ya zo da sauƙin da ya ba ni dariya ni kaɗai. array_map, a ba shi null a wurin aiki, a miƙa masa jerin uku, ya ɗinke su gurbi da gurbi. Layi ɗaya. Amma in wani jeri ya gaza tsawo da null yake cikewa bai ce komai ba, don haka sai da na bi 24 ɗin da ido, ina duba littafin shago da yaro ya ɗauko mini a hoto.

Fitilar caji ta fara ja. Saura gwaji a ƙaramar waya.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Amsa daga masu sabar: wai in shiga wurin zaɓen sigar PHP in kunna intl da kaina. Na shiga. Akwatin a dushe, ba ya dannuwa. Na ɗauki hoto na tura musu.

Kafin nan, dabarar wucin gadi: wajen jerawa kawai, a musanya Ƙ da K mai biye da alamar ~, haka Ɗ da Ɓ, 'Y ta koma Y. Ba kyau a ido, amma Ƙaro ya dawo bayan Kalwa.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na ba yaro adireshin gwaji, na ce kada ya gaya wa kowa tukuna. Ya shigar da farashin yau a tsohon da sabon duka. Ya ce sabon ya fi, sai dai maɓallin "ya ƙare" ya yi kusa da ramin farashi, yatsansa na taɓa shi. Gero ya ɓace sau ɗaya a haka. A matsar da shi dama, a sa tambayar tabbatarwa.

Alhaji ya tafi Gumel ganin riɗi, sai jibi ko gata. Tsohon fom ne a kan shafi har yanzu. Yadda zan gaya masa an riga an yi aikin da ya ce a jira, da ko zai biya abin da bai sa a yi ba, ban tsara ba. Yaro ya ce sabon zoɓo zai shigo gobe, kala biyu, kowanne da kuɗinsa. Layi 26 ke nan a akwati uku. Na ce ya kira ni kafin ya danna adana.